Farin da Ya Ƙi Dacewa

"Rufe tsagar da fenti kawai, ya usta, gobe mai saye zai zo!" Ta bangon ɗakin wani tsohon jirgi da ke bakin Nilu nake jiyo faɗan mai shi. Sai na leƙa.

Usta ɗin, wato mai gyaran, siriri ne, ƙurar faiba ta jikin jirgin ta yi masa furfura har gira. Yana ɗiga rawaya cikin farin fenti, ya dangwala gefen tsagar, ya goge, ya sake. Sau biyu launin yana dacewa, sau biyu yana ƙara ɗigon da zai ɓata shi. Ko ruwa ya taɓa cinye masa wani?

A bakin ƙofa ya ba mai jirgin haƙuri, ya ce, "Ma'alish, ya basha, launin ya ƙi. Bari na ɗinke tsagar tukuna."