Kabejin da Muka Rufe a Tulu

'Yata ta fari ce ta sanar da ni cewa mutanen Koriya ma sun iya miya. Ina ƙofar gida a Funtua ina suyar awara, ita tana kwance a ɗaki da ciwon sikila, tana kallon finafinansu a waya. Da yake 'yar fari ce ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" kawai nake cewa. Ita kam ba ruwanta da wannan kunya, cika ni take da surutu.

Ta ce suna da miyar daddawar waken suya, da wata ja wur mai awara a ciki, sai babbarsu, ta kabejin da aka bari ya yi tsami. Wai a tukunya ake kawo ta tana tafasa, kowa ya sa cokali. Na ce ashe dai talakawa ne irinmu, su ma kwano ɗaya suke ci. Ta yi dariya har ƙirjinta ya riƙe.

Da damina ciwon ya tsananta, ta daina cin abinci. Na yi miyar kuka, na yi ta taushe, har zogale na kwaɗa mata, ko kallo bai ishe ta ba. Ran nan ta ce da za ta samu ta kabejin nan, da ta ci. Ko zama ban yi ba na aika kasuwa. Tana kwance tana ba ni umarni: gishiri, tafarnuwa, citta, barkono, a danna a tulu a rufe. Na ce in zuba ruwan tsamin awara mana mu huta, ta ƙi.

"Umma, ba a yi masa gaggawa. Shi zai yi da kansa."

Kullum sai na buɗe na sunsuna, kullum sai ta tambaya, in ce saura kaɗan. Ranar da muka kai ta asibiti bai yi ba tukuna. Ni kaɗai na dawo.

A zaman makoki ban yi kuka ba, kunyar 'yar fari ta bi ni har nan. Ana cikin haka yayata da ta zo daga Maska ta ji wari a bayan ɗaki, ta ɗauko tulun za ta zubar, wai wani abu ya ruɓe. Na fizge shi da ƙarfin da har yau nake mamakinsa.

Da aka watse na dafa kabejin da awara da albasa, na sauke tukunyar tana tafasa a tsakar gida. Yayata ta ɗanɗana don kada raina ya ɓaci, sai ga shi ta ƙara. Ni ma na kai cokali. Na so a ce ba daɗi, in ce ai 'yata ba ta rasa komai ba. Amma wallahi miyar ta yi daɗi, ga ɗan tsamin nan mai buɗe bakin marar lafiya. Nan na kira sunanta da ƙarfi, har maƙwabta suka ji.