In Les Ya Shigo, Ki Buga Bango

Royston Tromans ya fi shekara arba'in yana hana ni barcin rana, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ba ni haƙuri ba. Gidajenmu na garin Tipton a manne suke, bango ɗaya ya raba falona da nasa, bangon kuwa in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka ce masa sannu. Ni ce Glenys ta gida mai koriyar ƙofa. Shi dai Rediyo yake kira na, wai har yau ba a gano inda ake kashe ni ba.

Lokacin da muka tare ni da mijina Wilf, Royston saurayi ne dogo, gashi har gadon baya, yana aiki a masana'antar narka ƙarfe. Da rana guduma da injin su yi ta dukan kunnensa, da yamma ya dawo ya rataya gita ya ƙarasa abin da suka rage.

"Kai dai kunnenka wani laifi ya yi maka?" in ji ni, ta kan shinge.

"Ina horar da shi ne, Rediyo, don ya iya jure maƙwabtaka da ke."

Ƙungiyar kiɗa gare su, shi da ƙanensa Leslie da wasu abokansu biyu, sunanta Ƙararrawar Toka. Hebi metal suke yi, wato kiɗan gita mai ƙarar tsiya, amma ba mai gudun nan ba, mai jan ƙafa wanda suke kira dum. Tsakanin bugun ganga da na gaba kana iya ɗora shayi ka sauke. Royston ke riƙe da babbar gita mai igiya huɗu, wadda ba kunne ke jin ta ba, hanji ke ji. Les kuwa shi ke waƙa. Ɗan siriri ne, madara yake rabawa gida-gida da safe, muryarsa siririya tas, don a coci ya koyi waƙa tun yana ƙarami. Anti Glenys yake ce mini don tsokana, alhali ban ba shi wasu shekarun kirki ba.

Faifai ɗaya tak suka yi a rayuwarsu. A wani ɗaki da ke saman shagon tayoyi aka ɗauke shi. Da kwalayen suka iso har gumi suke don murna, amma masu saye suka ce ba su san zancen ba. Les ya kawo mini guda har gida, ya sa hannu a bangonsa. Na gode masa sosai, na kuma ɗora tukunyar furena a kai, don faɗinsa ya yi daidai.

A fuskar baya ta faifan waƙa ɗaya ce tun daga gefe har cibiya. Gurnani ne kawai na gita da ganga, a yi ta tafiya a yi ta tafiya, har ka fid da rai cewa akwai mutum a ciki. Can sai komai ya ɗauke ɗif. Shiru mai tsawo. Daga nan Les ya shigo shi kaɗai, ba gita ba ganga, ya rera 'yan layuka a kan mahaifinsu, yadda yake dawowa daga aiki da ƙuna a hannu, mahaifiyarsu tana shafa masa kitse a bakin murhu. Shirun nan ba da gangan aka yi shi ba. Tsohon bai daɗe da rasuwa ba ranar da aka ɗauki waƙar, Les ya buɗe baki murya ta ƙi fita. Ko da ta fito, tsakanin layi da layi sai ya tsaya ya haɗiyi abin da ya tokare shi. Mai ɗaukar sautin ya ce a sake. Royston ya ce a bar shi haka.

Kaka ba ta wuce ba Les ya tafi. Ya ɗaure kwalin faifai a bayan babur zai kai wani shago a Wolverhampton, ana yayyafi, titi da santsi, babur ya kife da shi. Wilf ne ya raka Royston wurin. Ya ce mini bayan an ɗauke gawar, Royston ya durƙusa yana tsince fasassun faifai daga kwalta yana zubawa a aljihu, ɗan sanda na ja shi yana ƙi.

Daga ranar ya rataye gitar. Ya yi aure, suka haifi Janine, masana'anta ta rufe, ya koma tuƙin motar kaya, matarsa Pauline ta rasu, gashin nan ya yi fari bai yarda an sa masa almakashi ba. Abu ɗaya ne bai canza ba. Duk Lahadi bayan abincin rana sai ya ɗora fuskar baya ta faifan nan, ya murɗa sauti har ƙarshe. Kofunan shayina su yi ta rawa a kanta, hoton aurenmu ya karkace. Ni kuma in ɗauko sandar tsintsiya in yi ta dukan bango.

"Me kika ce, Rediyo? A ƙara?" Haka zai kwarara ihu daga can.

"Na ce Allah ya sa allurar ta karye, tsoho mai gashi kamar tsumman goge ƙasa!"

Na taɓa ce masa, tun da muryar Les yake so, me zai hana ya ɗora allurar a tsakiya ya hutar da unguwa? Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Ba a tsallakawa zuwa wurin Les. Sai kin ɗauki nauyin nan duka tukuna, sannan ki cancanci jin sa."

"To ni me na yi da nake ɗaukar nauyin kyauta?"

Abin mamaki, da tsufa ya zo sai faifan da ba wanda ya so ya zama abin nema. Wasu ƙarti daga Suwidin, gemu har ƙirji, riguna duk faci, suka yi ta sallama a ƙofarsa suna rawar jiki kamar sun ga waliyyi. Ya ba su shayi da soyayyar fatar alade, ya ba su faifai. Da ya gaya musu inda nawa yake, ɗaya ya leƙo ta tagata ya ga tukunyar fure, ya dafe kai kamar zai faɗi. Na ce masa furen ma ai yana jin daɗin dum.

Kurumtar a hankali ta zo. Da farko sai ka maimaita masa magana, daga baya sai ka tsaya a gabansa ya kalli bakinka. Asibiti suka ba shi na'urar kunne, ya sa ta wata Lahadi ya cire. Ya ce ta mai da Les gwangwani. Sai na fara lura cewa waƙa takan ƙare, allura ta yi ta ƙarar-ƙarar a cibiyar faifai, shi bai sani ba.

Wata Asabar ya ƙwanƙwasa ƙofata riƙe da kwanon ƙwallon hanta da koren wake. Wilf ya riga ya rasu lokacin.

"Wa ya mutu?" na ce, ina buɗe baki sosai don ya gani. "Kai da ko ashana ba ka taɓa kawo mini ba."

"Cin hanci ne. Karɓi."

Ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce gita da ganga har yanzu yana jin su, in ya zauna a ƙasa ya jingina da bango suna shiga ta ƙashin bayansa. Amma in suka ɗauke, shi ke nan, sai duhu. Muryar Les ba ta da nauyin da za ta girgiza bango. Ya san kalmomin, shi dai bai san lokacin da yaron ke buɗe baki ba, ga shi kuma tsayawar Les ba ta da lissafi. Ya gwada ƙirgawa, kullum sai kiɗa ya dawo ya same shi a tsakiyar layi, ko ya riga ya gama.

"Ya ɓace mini, Glenys. Karo na biyu ke nan."

Rabon da ya kira ni da sunana har na manta.

"Ke kina jin sa ta bango, ko?"

"Ni da Tipton gaba ɗaya."

"To in ya shigo, ki buga. Duk layin da ya ɗauka, ki buga sau ɗaya. Zan ji a ƙeyata."

"Shekara nawa ina bugawa kana zagina, yau kuma roƙo kake? Me zai hana in zo in zauna kusa da kai in taɓa ka?"

"A'a. Ki tsaya a gidanki." Ya kau da kai. "Ba na son ki ga fuskata. Kafin magariba duk layin nan sun ji labari."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ban musa ba.

Haka muka koma. Lahadi ta yi, in ja kujera kusa da bango, sanda a cinya, in sha gurnanin nan tun daga farko, don in na tashi ɗauko wani abu zan iya makara. Komai ya ɗauke, in riƙe numfashi. Les ya ja iska, in buga. Ya sake ɗauka, in buga. Ni da ban iya bambanta gita da injin wanki ba, na san inda yaron nan ke haɗiyar yawu fiye da yadda na san addu'ar coci. Wani lokaci ta bangon nakan ji wata murya mai kauri, a karkace, tana bin ta Les. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Fentin wurin ya goge, har ɗan rami ya fito daidai inda ƙeyarsa take. Da 'yata ta ce in zo in yi Kirsimeti wurinta, na ce sai dai in dawo kafin Lahadi, ina da aiki.

Litinin kuwa in mun haɗu a shinge, sai ya ce, "Jiya kin makara a layi na uku."

"Kurma ne zai gaya mini na makara?"

A cikin hunturu Royston ya rasu, a kujerarsa, da shayi a gefe bai sha ba. Janine ta shigo wurina idanu jajur.

"Anti Glenys, Baba ya ce a sa masa waƙar nan. Amma masu gidan ƙona gawa sun ce ta yi tsawo, akwai wasu iyalin a bayanmu. Za su sa farkonta kawai, labule ya rufe akwatin gawar, su rage sauti."

"Farkonta? Farkonta ai ba kowa sai ubanki yana gurnani. To Les fa?"

"Na ce su fara daga tsakiya."

"Ya tashi ya shaƙe mu? Ba a tsallakawa zuwa wurin Les."

Ta fashe da kuka. "To ya zan yi, Anti? Ga jawabin fasto, ga naki. Ke kaɗai kika san shi tun yana saurayi."

Na ce ta roƙi fasto ya taƙaita, sauran ta bar mini.

Ranar jana'izar, ɗakin taro na gidan ƙona gawar ya cika da tsofaffi masu farin gashi da riguna masu faci, har da ƙartin Suwidin. Na shigo da sandar tsintsiyata, mutane suka ɗauka ƙafa ce ke damuna. Fasto ya gama, ya kira ni. 'Yan unguwa suka gyara zama, sun san in Rediyo ta kama ba ranar tsayawa. Na kuwa tanadi labarai, har da na tukunyar fure. Na tsaya na dubi akwatin.

"Ba ni da abin faɗi," na ce. "Lokacina na ba shi. Ku sa waƙar daga farko."

Wata daga baya ta ce, "Yau kuma?" aka ɗan yi dariya.

Gurnani ya tashi. Tsofaffin nan suka sunkuyar da kai suna gyaɗa shi a hankali, gashi na lilo. Aka yi ta tafiya. Can komai ya ɗauke ɗif. Mutumin gidan, mai baƙar kwat, ya ɗauka an gama, ba laifinsa ba ne, kowa ma haka zai ɗauka. Ya danna abin labule, labule ya fara tafiya, wasu har sun miƙe.

"Kai, malam! Tsai da shi! Bai ƙare ba, Les bai shigo ba!"

Ya tsai da shi a firgice. Na ja ƙafa na hau wurin, na ratsa ta tsakanin labulen, na tsaya wajen kan akwatin, inda na san ƙeyarsa take. Ɗakin ya yi tsit. Shirun nan bai taɓa yi mini tsawo kamar ranar ba.

Les ya ja iska. Na buga.

Ya ɗauki layi na biyu, na buga. A na uku ma ban makara ba, ko shi ba zai ce na makara ba. Da yaron ya kai ƙarshe, gita da ganga suka faɗo gaba ɗaya, na ji su a tafin ƙafata. Na ja baya, na ce wa mai baƙar kwat, "To, yanzu rufe."

Wasu ma'aurata ne a gidan Royston yanzu, mutanen kirki, ko tarinsu ba na ji. Surukina ya zo da fenti zai toshe ramin bangon, na ce ya bar mini kayana. Barcin ranar da na yi shekara arba'in ina faɗa a kansa ga shi na samu. Lahadi ta yi in kwanta, ido ya ƙi rufuwa, sai in tashi in ja kujera kusa da bango.