Namijin Dabinon Kakana

Jiya jikata ta zaro wata ledar burodi da aka manta da ita a bayan firji. Tana buɗewa warin funfuna ya bugi hancina, na nemi wuri na zauna. Ta ɗauka hawan jinina ne ya tashi, har ta ruga ɗauko magani. Ba shi ba ne. Ni tun ina yarinya wannan wari bai taɓa zo mini shi kaɗai ba, sai ya taho da kakana.

Kakan nan nawa, mahaifin babana, daga ƙasar Dutse ya taso a ƙafa shi da kakata. Suka ratsa Chadi da Sudan, suna tafiya suna yada zango suna ƙwadago, har furfura ta fara fito masa kafin ya ga Ka'aba. Da aka gama aikin Hajji babu halin komawa, sai suka zauna cikin bukkokin 'yan uwanmu Takari a gefen Makka. Abin da ya iso da shi daga gida bai wuce 'yan ƙwallayen dabino na gonar mahaifinsa ba, ƙulle a tsumma.

Ya samu aikin kula da lambun dabino na wani Balarabe, a wani kwari mai ruwa a wajen gari, tafiyar yini a kan jaki. Can a bakin magudanar ruwa ya binne ƙwallayensa. Ɗaya ce kawai ta rayu. Ya yi shekaru yana jira ya ɗanɗana dabinon gida, ranar da bishiyar ta fara huda sai ga shi namiji ne, wanda ba ya 'ya'ya. Kakata ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ya sha wahalar ɗauko malalaci tun daga Dutse, mai shan ruwa ba ya tsinana komai.

Amma idan ba ka san dabino ba, bari in gaya maka. Macen dabino ba ta yin 'ya'yan kirki sai an hau namiji an yanko hudarsa, an tsaga kwanson, an ɗebi silin furen mai farin gari, an hau macen an cusa a cikin tata hudar an ɗaure. Kuma a kwarin nan akwai al'ada: garin namiji ba a sayar da shi, ba a kuma hana wanda ya roƙa. Namijin kakana ya yi suna. Duk macen da aka ɗaura wa furensa sai ta cika da 'ya'ya har reshe ya rankwafa. A cikin Makka mu ne masu ɗaukar ruwa da shara, babana ma ruwa yake sayarwa a salka. Amma a kwarin nan, lokacin huda, masu lambuna ne ke zuwa da ƙafarsu su fara gaishe da kakana.

Kowane sanyi ana kai ni wurinsu. Yana kirana amaryarsa, ina ce masa ni ba na son tsohon miji mai hawan bishiya. Da yamma yakan jingina da gindin namijin nan yana yi masa Hausa, irin Hausar da ko babana ba ya jin wasu kalmominta. Na taɓa tambayarsa ko bishiya tana ji. Ya ce, "Amarya, duk ƙasar nan shi kaɗai ya san ubana."

Sai wata shekara aka yi ruwan da tsofaffi suka ce ba su saba gani ba. Sama ta yi kwanaki a rufe, sanyi da laima suka shiga komai, tabarmi suka yi baƙi-baƙi, har garin tuwonmu ya dunƙule. Mutane suna ta murna, suna cewa bana dabino sai an rasa inda za a zuba shi. Hudar namijin ta fito da wasu tabo ja-ja kamar tsatsa a jikin kwanson. Da kakana ya tsaga, gari fari fat ya cika ciki, fiye da kowace shekara. A lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, da hannu yake gane abubuwa. Ya murza garin a yatsunsa ya yi hamdala.

Kakata ta sunsuna ta ce, "Malam, wannan fa warin funfuna yake."

Ya ce, "Komai na gidan nan warin funfuna yake bana, har ke."

Aka yi dariya, magana ta wuce. Ya hau matan dabinon lambun ɗaya bayan ɗaya ya ɗaura musu. Maƙwabta suka zo kamar kullum, ya ba kowa, har da ƙari saboda yalwa. Ko da ya yi shakka, ta yaya zai hana? Wanda ya hana garin namiji a kwarin nan ya gama zubar da mutuncinsa.

Ba a daɗe ba furen matan ya fara yin baƙi yana ruɓewa. Ka taɓa shi ya zube a hannunka, da wannan farin abu a jikinsa. Abin da kakana ya ɗauka albarka ce, rabinsa ciwo ne, shi kuma da hannunsa ya raba shi gida-gida. Bazarar nan dabinon kwarin bai taka kara ya karya ba. Aka ce laifin ruwa ne, aka haƙura. Shekara ta zagayo, ciwon ya dawo tun kafin a tsaga kwanso, kuma kowa ya lura cewa lambunan da suka karɓa daga hannun kakana su ne suka fi lalacewa.

Ba wanda ya zage shi, kuma da zagin suka yi da ya fi sauƙi. Sai dai aka daina zuwa. Mutum ya hango shi ya sake hanya. Daga baya mai lambu ya zo, mutum ne mai kunya, bai ko iya kallon idonsa ba. Ya ce, "Ya Hajji, mutane sun matsa mini. Ko bishiyar ta tafi, ko ku tafi tare da ita."

Kakana bai yarda wani ya taɓa ta ba. Shi ya ɗauki gatari. Dabino ba ya saruwa da daɗi, jikinsa duk zare ne, gatari sai ya riƙa maƙalewa, ga tsoho ba ya gani sosai. Ya wuni yana sara yana hutawa. Kakata, wadda ta shekara da shekaru tana yi wa bishiyar ba'a, ta shige bukka ta ja ƙyaure, ina jin kukanta daga waje. Da bishiyar ta faɗi aka tara busassun rassa aka cinna mata wuta. Na tsani mutanen kwarin nan a ranar, har yau kuma ban gama huce musu ba, ko da yake na san su ma abincin 'ya'yansu ne ya ruɓe.

Abin takaicin, ciwon bai tafi ba. Ya riga ya zauna a jikin sauran bishiyoyin, duk shekarar da aka yi laima sai ya taso. Kakana bai ƙara hawa dabino ba. Aka dawo da shi bukkarmu a Makka, ya zauna a bakin ƙofa. Ya daina kirana amarya. In aka kawo dabino lokacin buɗa baki, ruwa kawai yake sha. Bai yi nisa ba bayan haka Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ina zaune a unguwar Ka'akiyya ta Makka, a bene, tsakanin jikokin da Larabci ya fi musu sauƙi a baki. Ɗaya daga cikinsu ya karanci aikin gona, yana yawo lambuna yana duba cututtukan bishiyoyi. Wata rana na ba shi wannan labari, na kwatanta masa tsatsar da farin garin. Ko mamaki bai yi ba, ya ce sun san ciwon sarai.

"Ya Sitti, kakata, ai wannan basiɗ ne, abu mai sauƙi. Hudar da ta kamu kawai ake yankewa a ƙone, a share kan bishiyar, a yi feshi. Badi sai ta fito lafiya."

Na ce, "Bishiyar fa?"

Ya ce, "Bishiyar ba ruwanta. Ba a sare ta."

Ya ci gaba da danna wayarsa. Yaron kirki ne, bai san abin da ya yi mini ba. Na yi shekaru ina lallashin kaina da cewa babu yadda za a yi, dole ce ta sa. Da na sani da ban tambaye shi ba.