Inna Duk-Ɗaya da Likitar Ido

A unguwar ba a san ta da wani suna ba sai Inna Duk-Ɗaya, kuma tun tana ƙarama ta jawo wa kanta shi. In aka sayo wa yara takalma aka ce kowa ya zaɓa, takan tsaya a baya har a gama rububi, ta ɗauki wanda ya rage ko da yana matse mata yatsa. "Duk ɗaya ne," in ji ta. Mahaifiyarta ta ji daɗin haka, ta riƙa nuna ta ga baƙi: ga yarinya mai tawali'u, ba a taɓa jin "ni" a bakinta ba. Yaro kuwa abin da aka yaba masa shi yake ƙarawa. A haka ta girma, a haka ta yi aure. Mijinta, direban babbar mota, har ya koma ga Allah bai san launin da take so ba. Ya taɓa tambaya, aka ba shi amsar da aka saba.

A shagon tela take aiki, kan titin da ya nufi kasuwa. Ba ta hawa keke. Nata ɗinkin hannu ne: sa maɓalli, kalmasa bakin riga, tsince zaren da ya yi saura. Kujerarta na jikin taga, inda haske ya fi. Ta yi aiki da tsohon mai shagon har ya rasu, ta ci gaba da ɗansa, wanda ta sha goyawa yana jariri. Da wannan allurar ta raini 'ya'ya uku bayan rasuwar miji. In matan unguwa na yi wa 'ya'yansu faɗa, da ita suke misali, ko da yake ba a taɓa jin wadda ta yi fatan zama ita ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ita dai dutsen ya daɗe a kan wuta.

Sai ido ya soma ja da baya. Zare ya riƙa wuce kafar allura kamar sun yi faɗa. Babban ɗanta ya kai ta asibitin ido. Malamin gwaji, ga layi na jiransa a waje, ya ɗora mata wani ƙarfe a karan hanci, ya saka gilashi, ya cire ya saka wani.

"Mama, wanne ya fi, na farko ko na biyu?"

"Duk wanda ka ga ya dace, ɗan nan. Kai ka san aikinka."

"Wannan ya yi?"

"Ya yi, Allah ya yi maka albarka."

Bai yi ba. Ranar da ta sa tabarau ɗin, ƙasa ta riƙa tasowa tana taryen ƙafarta, kai yana sara. To amma ɗanta ya kashe kuɗinsa, ga shi yana kallonta yana murna, ina bakin magana? Ta ci gaba da sawa. Maɓalli ya fara zama a karkace. Wani ma'aikacin banki ya dawo da rigarsa yana faɗa, wai wuyan ya ƙi haɗuwa. Mai shago ya ce ta je gida ta huta har idon ya warware. Ta san irin wannan hutun, ba a cika dawowa daga shi ba. Tsoro ya kama ta ƙwarai, don rabon da hannunta ya wuni babu allura har ta manta. Duk da haka cewa ta yi, "To."

Autarta, mai bakin tsiya, wadda dangi ke cewa sam ba ta ɗauko uwarta ba, ita ta kama ta tana ɗage tabarau don ta ga bakin kofi. Ba ta tsaya neman izinin kowa ba, ta mayar da ita asibitin. Wannan karon likita mace suka tarar, wata dattijuwa da ba ta san sauri ba. Ta saka mata gilashi, ta cire ta saka wani.

"Wanne ya fi, Mama?"

"Ai duk ɗaya..."

"Da ɗaya ne, da ba a cika akwatin nan da su ba," in ji likitar. "Idona a kaina yake, naki a kanki. Ba zan iya gani miki ba."

Likitar ta harɗe hannu ta zauna jira. A sanin Inna, ka ce wannan ya fi, ka kushe wancan ke nan, ka kuma ɗora wa mutum aiki. Daga ƙarshe dai ta buɗe baki.

"Na biyun... kamar ya ɗan fi. Amma na farkon ma ba laifi."

Auta ta tuntsire da dariya. "Inna, gilashi ne fa, ba zai yi fushi ba."

Aka ci gaba. Likitar na sauyawa, Inna na amsawa, muryar na ƙara fitowa. Can aka saka wani, sai ta ji bakinta ya ce, "A'a, mayar da wancan." Ta yi maza ta rufe baki da gefen mayafi.

Da sabon tabarau ya fito ta nufi shago da safe. Tun daga tsallaken titi ta hango tagar, ta kuma hango ƙanwar matar mai shago zaune a kujerarta.

"Inna, sannu da zuwa," in ji mai shago, tef ɗin awo rataye a wuyansa. "Kin ga yadda abin ya kasance. Har na ce musu, ai Inna ba ta da damuwa, ba sai an yi mata dogon bayani ba."

Yanzu tana ganin fuskarsa tar, har da murmushin wanda ya riga ya gama magana.

"Akwai damuwa," ta ce. "Aikina nake so."

Kekunan suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Mai guga ya ɗaga dutsen guga ya riƙe a sama.

"Haba Inna," in ji mai shago a hankali. "Ke ma?"

Ta dubi kujerarta. Yarinyar da ke kujerar kuwa ba ta da laifi, ita ma abinci take nema. Inna ta jawo ɗan bencin da masu jiran ɗinki ke zama, ta ajiye a bakin ƙofa inda rana ke shigowa, ta zaro riga daga tulin da ke jiran maɓalli, ta zura zare. Duk mai shiga ko fita sai ya ce mata gafara, ita kuma ta ɗan janye gwiwa kawai.

Wajen la'asar mai shago ya ɗauki rigar da ta gama, ya juya ta gaba da baya, ya turo mata wasu ba tare da ya dube ta ba. Aikin ya dawo daga ranar. Tana nan a bakin ƙofar har yau. Da safe in ya zo buɗe shago yakan gaida mai guga, ya gaida masu keke ɗaya-ɗaya, ya raɓa ta gefenta ya wuce.