Kujerar Da Ba Ta Jira Ki Ba

Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, labari ya iske ni a ɗakin gwaji cewa Allah Ya karɓi ranki, uwar ɗakina. Daga gare Shi muke, kuma gare Shi za mu koma.

Ke kika koya mini gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa da ake yi wa masu farfaɗiya. A fatar kai ake manna wayoyin gwajin, amma akwai farfaɗiyar da ke ɓuya can ƙasan ƙwaƙwalwa, sai an zura siririyar waya ta hanci har saman maƙogwaro a matso kusa da ita. A nan kika yi suna, har ɗalibai suka laƙaba miki Sarauniyar Hanci. Kin sani sarai, kuma kina amsawa.

Ba ki taɓa barin ɗalibi ya zura wa majinyaci wayar ba sai an fara zura masa. Ranar da layi ya zo kaina, hawaye da atishawa suka haɗe mini. Kika miƙo hankici kina dariya, kika ce, "To, ɗan nan, ka ji abin da kake kira ɗan ƙaiƙayi."

Shekarar da ake shirin ba ki kujerar farfesa saboda wannan aiki, kika zauna kika kwatanta sakamakon wayar hanci da na wasu wayoyi da ake mannawa a gaban kunne. Kika tarar kusan duk abin da ta hancin ke kamawa su ma suna kamawa, ga shi babu zafi, babu haɓo, numfashi ma ba ya dagula zanen. Abokan aiki suka ba ki baki, ki ja bakinki ki yi shiru har a gama zancen kujera. Kika ce, "Kujera ta jira. Hancin mutane fa?"

Kika miƙe a gaban taro kika bayyana sakamakon, kika rushe ginin da kika yi rabin rayuwarki kina ɗora masa bulo. Kujerar ba ta jira ba, wani aka ba, kuma har kika yi ritaya ba ta sake zagayowa ba. Wallahi ban taɓa alfahari da wani mahaluƙi kamar yadda na yi da ke a ranar ba.

Bara ƙaramar 'yata ta fara ɗaukewa a aji, kamar ba ta cikin hayyacinta. Ni na kwantar da ita a gadon gwajin, aka manna mata wayoyi a gaban kunne. Barci ma ta yi. Aka gano ciwon, tana shan magani, ta koma makaranta. Ba ta san ki ba, ba ta kuma san abin da kika biya mata ba, amma zan gaya mata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba ki matsayin da babu mai karɓe shi. Ga maigidanki, 'ya'yanki da jikokinki, Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi, mu ma Ya ba mu. Amin.