Karnukan da Aka Bar wa Eneida

Eneida Bracho ba ta taɓa son kare ba. Da wannan zan fara, domin yanzu duk unguwarmu a nan Maracaibo "uwar karnuka" ake ce mata, kamar da su aka haife ta. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita tun muna amare. Ita ta riƙe ɗana a coci ranar baftismarsa, shi ya sa muke kiran juna comadre. Na san lokacin da ko leƙo ƙofarta kare ya yi, da tsintsiya take raka shi.

Sana'arta girki. Ta daɗe a ɗakin girkin wani asibitin yara, tana dafa abin da cikin marar lafiya zai iya riƙewa: romo, fate, kabewar da aka dama ta yi laushi. Mijinta Adelso direban motar haya ne, ya rasu 'yarsu Yoleida tana sakandare. Eneida ta ƙarasa renonta ita kaɗai, ta aurar da ita, ta yi ritaya, ta ce yanzu kam za ta miƙe ƙafa a gindin mangwaron tsakar gidanta.

Sai ƙasa ta rikice. Abinci ya yi wuya, wutar lantarki ta koma sai an gan ta, mutane suka fara ficewa. A layinmu gida bayan gida aka riƙa garƙame wa kwaɗo. Yoleida ma ta bi mijinta Chile, ta ce da sun samu wurin zama za ta aiko wa uwarta ta zo.

Kare na farko Nerio ne ya kawo, mai gyaran firji da ke ƙarshen layi. Wata karya ce ja mai suna Canela. Ina ɗinki a baranda na ji su, yana ce mata Doña, kamar yadda muke girmama dattijuwa a nan.

"Doña Eneida, ki taimaka ki riƙe mini ita. Kafin Kirsimeti na dawo na ɗauka."

"Kai Nerio, dube ni da kyau. Na yi maka kama da mai gadin kare?"

"Ba ta da ci, na rantse. Ɗan abin da ya rage a tukunya ya ishe ta."

"Haka uwarka ta ce da ta kawo ka unguwar nan. Ga shi kai ka cinye mini mangwaro tun yana ɗanye."

Ya yi dariya, ya ɗaure igiyar a ƙarfen ƙofa, ya sumbaci hannun Eneida ya tafi. Har yau bai dawo ba.

Canela ta kwanta a bakin ƙofa ta ƙi cin komai. Haƙarƙarinta suka fito, gashinta ya fara zuba. Ba tausayi ne ya fara kama Eneida ba, haushi ne. Tun a asibiti babu abin da ta tsana kamar kwano ya dawo mata da abinci a ciki. Ta leƙo ta katanga ta ce mini, "Comadre, yaran da ke kan ƙarin ruwa ma sun ci girkina. Wannan jar banzar ce za ta raina ni?" Ta je kasuwa ta samo ƙafafun kaji, ta dafa su har suka narke, ta tace romon, ta dama shinkafa da kabewa a ciki, ta kankare 'yar hanta ta zuba. Ta durƙusa tana shafa wa karyar a baki da yatsa tana zaginta. Canela ta lasa. Washegari ta ƙara. Kafin wani lokaci ta murmure, gashi ya dawo yana sheƙi, tana bin Eneida har bakin banɗaki.

Mutane suka gani, kuma ganin nan shi ya ja mata. Duk mai shirin tafiya da ke da kare sai ya tuna da gidan Doña Eneida. Wasu su roƙa, wasu su ɗaure a ƙofa su gudu. Daga baya har 'yan kwikwiyo aka riƙa ziro mata ta kan katanga a cikin buhu.

Akwai wata yarinyar unguwarmu, Marielba, da ta karanta likitancin dabbobi. Ita ta zo ta duba tukunyar ta ce a daina sa albasa da gishiri, kuma duk karen da aka kawo a fara ba shi maganin tsutsar ciki, in ba haka ba tsutsa ake ciyarwa. Ta ce madarar shanu zawo take sa kwikwiyo, a nemi ta akuya a kaɗa gwaiduwar ƙwai a ciki, kuma kada a ba shi komai sai an ɗumama jikinsa.

"Yarinyar da na share wa majina ce za ta koya mini girki?" in ji Eneida.

"Ba girki nake koya miki ba, Doña. Kare nake koya miki."

Eneida ta yi tsaki, amma daga ranar albasa ba ta sake shiga tukunyar ba. Sauran dabarun ita ta ƙaro. Ta ƙulla da masunta a bakin babban tafkin garinmu suna ajiye mata kawunan kifi, ta dafa ta zauna tana tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Ɓawon ƙwai kuwa ni nake tara mata daga gidajen da suka rage. Ta wanke, ta gasa a kasko, ta daka ya zama gari, ta riƙa barbaɗa kaɗan saboda ƙashi. Wata mata mai kiwon awaki a bayan gari tana kawo mata madara a gora. Karen da ya rame sosai ba ta cika masa kwano. Kaɗan-kaɗan take ba shi, sau da yawa a yini, don ta ga wanda yunwa ta daɗe tana ci ya cika ciki lokaci guda ya mutu. Da Marielba ta tashi tafiya Sifen, ta bar mata jakar sirinji da magungunan da suka rage.

Wahalar ita ce babu abin da ke ajiyuwa. Da zafin garin nan, kuma firji ba wuta, romon safe kafin la'asar ya yi tsami. Dole kullum a ɗora sabuwar tukunya, kuma da gas ya ɓace sai a kan itace. Eneida ta daina zuwa coci. Ta daina zuwa biki. Ranar da yayarta ta rasu a Cabimas, can ƙetaren tafki, ta tsallaka gada ta je, ana gama binnewa ta juyo, ko zaman makoki ba ta yi ba. Dangi suka riƙe ta da wannan. Tsakar gidan da take sharewa har ya yi ƙyalli ya koma warin kifi da hayaƙi, maƙwabta suna ƙorafin haushi. Wata rana na same ta a gindin mangwaron, karnuka sun kewaye ta, ludayi a hannu. Ta ce, "Comadre, masu laifi ma ana ba su ranar ziyara. Ni wa na kashe?"

Na ce, "To ki buɗe ƙofa ki kore su mana."

"Na gwada. Zama suke yi a waje suna kallona."

Ana nan Yoleida ta bugo waya ta ce tana da ciki, kuma sun samu ɗaki da falo. Ta ce, "Mami, ba zan haihu a ƙasar mutane ba ke kusa. Ki tattara ki taho." Ban taɓa ganin Eneida da farin ciki irin na lokacin ba. Ta shiga rabon karnuka kamar mai aurar da 'ya'ya. Wani mai gona a hanyar Perijá ya ɗauki manyan. Mai gadin wani sito ya karɓi biyu. Sauran ta bi gida-gida tana roƙo, tana haɗa wa kowa da ƙullin garin ɓawon ƙwai. Canela ta tsufa, ba mai so, ni na ce zan riƙe. Gidan ya yi tsit. Eneida ta wanke tsakar gida da sabulu, ta sa kaya a akwati, ta je ta yi ban kwana da kabarin Adelso.

Ana saura 'yan kwanaki ta tafi, da safe na buɗe ƙofa na ga kwali a bakin tata ƙofar. Kwikwiyoyi ne a ciki, ko ido ba su buɗe ba, cibiyarsu ma ba ta faɗi ba. Eneida ta fito da tsintsiya, ta kalle su, ta kalle ni.

"Ban gan su ba," ta ce. "Ke ma shaida ce, ban gan su ba."

Ta koma ciki ta rufe ƙofa. Rana ta fara ɗagawa, suna ta 'yar ƙara kamar ɓeraye. Na kasa jurewa, na kwashe su zuwa barandata, na ɗumama sauran madarar akuyar da ta bar mini, na ɗauki sirinji a jakar Marielba da ta ba ni ajiya. Ni tela ce, hannuna ya saba da allura, amma bai san wannan ba. Na matsa da ƙarfi, madara ta fito wa ɗaya ta hanci, ya fara shaƙewa. Na ƙwala mata kira.

Ko takalmi ba ta sa ba ta shigo. Ta fizge shi, ta kifa shi a tafin hannunta, tana murza bayansa da zane har ya yi atishawa.

"A kife ake ba su, comadre, a kife! Wa ya ce ki kwantar da shi rigingine kamar jariri? Kawo nan. Kawo duka."

Da yamma ta kira Yoleida a gabana, muryar na fita har ina ji.

"'Yata, a ɗan ɗaga tafiyar. Su buɗe ido su fara lasa da kansu, shi ke nan."

"Su wa?"

Eneida ta gyara riƙon sirinji.

"Mami, su wa? Karnuka kuma?"

"In na tafi yau, gobe babu su."

"Ni fa? Ni ba ki ji tsoron gobe babu ni ba? Ƙafafuna sun kumbura, ba mai dafa mini ko ruwan zafi, ke kina can kina shayar da 'ya'yan wata karyar titi!"

Yoleida ta kashe wayar. Eneida ta ci gaba da ɗiga madara a bakin na hannunta, hawaye na sauka a kan gashinsa.

Ta ɗauka jinkirin kaɗan ne. Kwikwiyo irin wannan ba ya ba mutum barci, ana gama ciyar da na ƙarshe na farko ya fara kuka, kuma sai an shafa musu ciki da auduga mai ɗumi kafin su yi fitsari. Biyu suka mutu, sauran suka buɗe ido suka fara lasar fate. Amma kafin nan ƙa'idar shiga Chile ta canza, aka ce sai da biza, ga fasfo ɗinta ya kusa ƙarewa. Ta yi ta zarya ofis-ofis, ta bi layi a rana har ta gaji, ba abin da ya fito. Yoleida ta haifi 'ya mace, surukarta ce a kanta. Eneida a hoto ta ga jaririyar, kuma mijin ne ya turo, don Yoleida ta daɗe ba ta yi mata magana ba.

Gidan bai daɗe a wofi ba. Siton nan ya rufe, mai gadin ya dawo da nasa biyun sun zama ƙashi da fata. Labari ya bazu cewa Doña Eneida ba ta tafi ba. Akwatin ya yi watanni a bayan ƙofa kafin ta buɗe ta mayar da kayan cikin kwaba.

Yanzu sun shirya da Yoleida, amma akwai abin da bai koma daidai ba. In sun yi waya, maganar lafiya ce da yanayi. Jikar, Antonella, ta fara surutu, kuma da an miƙa mata wayar sai ta ce, "Kaka, nuna mini wau-wau." Eneida ta juya wayar ta bi tsakar gida tana faɗa mata sunayensu, ita Eneida kuma ba a ganin fuskarta har a gama. Bara mijin Yoleida ya ce akwai masu bin mota ƙasa bayan ƙasa har su isa. Gwiwoyin Eneida yanzu ko kasuwa da ƙyar suke kai ta. Ta ce masa ta gode.

Canela ta mutu a damina, muka binne ta a bayan gida. Eneida ba ta yi kuka ba, ta dai ce Nerio ya ci amanar dabba.

A watan jiya ta sa aka kafa fasassun kwalabe a kan katangarta, ta rubuta da fenti a ƙofa cewa ba a karɓar kare. Kwana kaɗan bayan haka na tashi na tarar an ɗaure wani a tawa ƙofar, baƙi, duk ƙazwa, ƙafafunsa na rawa. Na ja shi na buga mata. Ta leƙo, ta zagi wanda ya kawo shi har kakanninsa. Sannan ta sunkuya da ƙyar, ta ja fatar wuyansa ta saki, ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi.

"Ruwa ya ƙare a jikinsa. Romo zalla yau, cokali-cokali. Kar ki kuskura ki ba shi shinkafa sai jibi."

"A ina zan ajiye shi?"

"A gidanki, comadre. Ni na rufe. Ba ki iya karatu ba ne?"

Yana gidana har yanzu, ya fara tsayuwa da ƙafafunsa. Kullum da hantsi sai na ji ta buga katanga da ludayi, na miƙa kwano ta ƙofar baya ta zuba masa nasa kason. Jiya ta haɗa da 'yar hanta, ta ce in kankare masa kaɗan, kuma in daina ɗaure shi a rana.