Ranar da Na Faɗa wa Baba Maganinsa Ya Daina Aiki

Shekarun baya, ina sabuwar malamar firamare a Gusau, aka gano mahaifina yana da ciwon dajin hanta. Manomi ne a Bungudu, mutumin da bai san kwanciyar rana ba. Likitan da ke duba shi ba ya jin Hausa sosai, don haka duk ranar asibiti ni ce tafinta. Har wani ɗagawa nake yi, ina gyara mayafi kamar tare muka yi karatu da likitan.

An ɗora Baba a kan wata ƙwaya da likita ya ce aikinta toshe hanyar da ciwon ke samun jini ya girma. Ta kuwa karɓe shi. Ya koma cin tuwonsa, har yana yi wa ƙannena faɗa a kan taki. Bayan wasu watanni kasala ta dawo, ya fara ramewa, aka sake ɗaukar hoton hantarsa.

Ranar karɓar sakamako yayana ya ja ni gefe. Ya ce shi da baffanmu na Tsafe sun gama magana: duk abin da likita ya faɗa, in ce wa Baba da sauƙi, mu mai da shi gida ya huta.

Likita ya yi mana bayani a natse. Ya ce ciwon ya sauya, ya samo wata hanyar da ƙwayar ba ta iya tare ta. Akwai ta biyu da ake ba wanda ta farko ta daina yi wa aiki. Ba ta warkarwa, amma tana iya rage wa ciwon gudu, sai dai tana sa gudawa da ciwon tafin hannu da na ƙafa. Ya ce sai mai jiki ya yarda.

Baba ya juyo ya dube ni. "Ɗiyata, mi yac ce? Na ga maganatai ta yi tsawo, kak ki ba ni guntuwa."

Yayana na ta hararata, ni kuwa na kwashe komai na faɗa. Ban rage ko kalma ba.

Baba ya sa na tambaya ko zai iya zuwa masallaci da ƙafarsa. Likita ya ce ana fatan haka.

"To a ba ni," in ji Baba. "Da sauran abin da ban gama ba."

Har muka kai Bungudu yayana yana fushi da ni.

Ƙwaya ta biyu ta ba shi wuya. Ƙafafunsa suka yi tsami, Inna ce ke shafa masa mai safe da yamma. Amma ramar ta tsaya, ya sake ganin wata damina. Kuma tunda yanzu ba a ɓoye masa komai, da kansa yake jera tambayoyi. A nan ya ji cewa ƙwayar cutar hanta da ya daɗe da ita bai sani ba ce ta jawo masa ciwon, kuma tana iya bin gida. Ya tara mu ya ce kowa ya je gwaji, wanda ya ƙi kada ya zo gaishe shi. Aka same ta a jikin yayana, tun ba ta yi masa ɓarna ba, aka ɗora shi a kan magani.

Baba ya rasu bayan an kai amfanin gona gida, Allah Ya jiƙansa.

Na san yayana da baffa tausayi ne ya sa su, ban taɓa riƙe su ba. Amma ko yau aka mai da ni ɗakin nan, abin da na yi shi zan sake yi. Marar lafiya bai rasa hankalinsa ba, kuma idan magani ɗaya ya gaza, haƙƙinsa ne ya ji ko da wani a bayansa.

Bara yayana ya aurar da 'yarsa ta fari. Lafiyarsa ƙalau, da bakinsa ya ba da ita.